Wa ke raɗa wa takobi suna a cikin gem?

Wani ƙanenmu daga Kuseri ta Kamaru ya aiko da tambaya. Shi da abokansa suna haɗa wani ƙaramin gem na waya, labarin mahaya dawaki a zamanin Rabe, mayaƙin nan da ya ci Borno, kuma suna so sunayen makamai da magunguna da sauran kayan ciki su kasance da Hausa. Da suka ba samarin unguwa su gwada, sai gardama ta kaure. Wasu suka ce sunayen sun yi lami, "babban takobi" da "ƙaramin takobi" kamar lissafin ɗan tireda. Wasu suka ce a'a, waɗanda aka ƙawata ɗin ne ma ba sa ganewa. Wasu kuma suka ce a bar komai da Faransanci ko Turanci yadda aka saba. Ya ce, "Yaya, maganar wa za mu ɗauka?"

Ƙanena, na riƙe gidan gem a Garwa kafin in koma aikin fassara wa masu haɗa ƙananan gem na waya daga Turanci zuwa Faransanci, saboda haka wannan gardamar na ji ta daga bakin masu bugawa, na kuma ji ta daga wajen masu raɗa sunan. Abin da zan fara gaya maka shi ne kada ka ƙirga hannu. Idan ka ce mai rinjaye ya ɗauka, za ka bi masu ƙarfin murya ne kawai. Ruwa ba ya tsami banza. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙorafe-ƙorafen yana da abin da ya haife shi, kuma sau da yawa mai ƙorafin bai san mene ne ba. Ka tambaye shi a daidai wane lokaci sunan ya ba shi haushi. Yana cikin gudu ana harbinsa? Yana duba jaka yana neman abin da zai saka? Yana shirin biyan kuɗi? Amsar da ya bayar ita ce za ta nuna maka inda ciwon yake.

Mafi yawan masu haɗa gem suna ganin sunan kaya a rubuce, a kan fuskar kwamfuta, cikin natsuwa. Mai bugawa kuwa da baki yake amfani da shi, da ƙarfi, cikin gaggawa, yana faɗa wa abokin da ke gefensa ko wanda ke can Njamena a ɗaya gefen kogi, ga rezo, wato netwok, yana yankewa. Dubi PUBG Mobile. Kwalkwali uku ne a ciki, kuma kowanne kamfani ya ba shi cikakken suna: Motorcycle Helmet, Military Helmet, Spetsnaz Helmet. Ban taɓa jin yaro ya kira ko ɗaya daga cikinsu da wannan sunan ba. "Kas uku" ake cewa, wato kwalkwali mataki na uku, ko "ina da biyu, wa ke da uku?" Lambar mataki ta cinye sunan gaba ɗaya, domin ita ce abin da mai bugawa yake bukatar sani a cikin daƙiƙa guda. Haka a Free Fire, wanda Garena ta fitar a 2017 kuma ya kama wayoyinmu saboda ba ya neman waya mai tsada. Bangon nan da ake jefawa don kare kai sunansa Gloo Wall. A Burazil 'yan wasa suka mayar da shi "gelo", wato ƙanƙara. A wurina na ji ana ce masa gulu, na ji bango, na ji ƙanƙara. Duka gajeru ne, gaɓa biyu ko uku, kuma ba sa kama da sunan wani abu dabam a cikin gem ɗin.

Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. A PUBG ɗin dai akwai First Aid Kit da Med Kit. Na farko yana mayar da rai zuwa 75 ne kawai, na biyu yana cika shi zuwa 100. Bambancin da zai iya sa ka mutu ko ka rayu ke nan, amma sunayen biyu ma'anarsu kusan ɗaya ce ko ga wanda ya iya Turanci, balle yaron da ya yi makarantar Faransanci. Sabon shiga yakan daɗe yana rikita su. Idan ɗan gem ya ce maka suna "bai yi ba", sau da yawa abin da yake nufi ke nan: ya ɗauki wannan a madadin wancan, an kashe shi, haushi ya koma kan sunan.

Kuma ku a Kuseri lamarinku ya fi na kowa. Mutum huɗu a ƙungiya ɗaya, ɗaya Hausa ce a bakinsa, ɗaya Larabcin Shuwa, ɗaya Fulatanci ko Kotoko, waya kuma an saita ta da Faransanci, bidiyon YouTube da suka koyi dabara daga ciki na Turanci ne. Waɗanda suka ce maka a bar sunaye yadda aka saba ba ƙin Hausa suke yi ba. Tsoro suke kada ka ƙara musu harshe na biyar a tsakiyar faɗa. Maganin wannan tsoron shi ne sunan Hausar ya zama mai sauƙin da Bakotoke ko Balarabe zai kama shi a ji ɗaya. Mashi, sulke, garkuwa, duk wanda ya taɓa cin kasuwa da Hausawa zai iya furta su. Jimla mai kalma biyar kuwa ba wanda zai ɗauka.

Sai batun daraja, wato wanne ya fi wanne. A nan ne masu son suna mai ado suke faɗa wa rami. Misalin da na fi so shi ne na Pokémon, domin yana nuna irin wahalar da mu masu zama tsakanin Faransanci da Turanci muke sha. Ƙwallayen kama dabbobin hawa-hawa ne. A Turanci: Poké Ball, Great Ball, Ultra Ball. A Faransanci: Poké Ball, Super Ball, Hyper Ball, kuma Faransancin ne ya bi asalin na Japan. To ka gaya mini, tsakanin "great" da "super" da "ultra" da "hyper", wace kalma ce hankali kaɗai zai gaya maka ta fi wata? Babu. Haddacewa ake yi. Yaron Marwa da ya buga da Faransanci ya je ya kalli bidiyon Turanci sai ya sake sabon karatu. Final Fantasy ta bi ta hanyoyin biyu, lamba da suna mai ado. Na farko da ya fito da Turanci a 1990 harafi huɗu kacal aka ba sunan kowane sihiri, shi ya sa aka sami CURE, CUR2, CUR3, da LIT, LIT2. Munana ne a ido, amma ko jariri ya san uku ta fi biyu. Daga na takwas, a 1999, aka koma irin na Japan: Fire, Fira, Firaga. Masoya gem ɗin sun fi son wannan, yana da daɗin faɗa, ya zama tambarin gidan. Amma ka lura, abin da ya cece shi shi ne tsari: duk inda ka ga "ra" a ƙarshe mataki na biyu ne, "ga" na uku, a wuta ko ƙanƙara ko tsawa. Ka koya sau ɗaya, ka gama.

Wasu kamfanonin sun sauke wa suna wannan nauyin gaba ɗaya, suka ɗora wa launi. Diablo II a 2000 ya yi amfani da fari, shuɗi, rawaya, kore da ruwan zinari. World of Warcraft a 2004 ya kafa jerin da kusan kowa ya kwaikwaya daga baya: toka-toka, fari, kore, shuɗi, shunayya, ruwan lemo. Har Fortnite kusan a kan wannan yake tafiya. Idan launi ya riga ya faɗi daraja, suna ya sami 'yancin yin ado. Shawarar da zan ba ku ke nan kai tsaye: ku bar lamba ko launi ya faɗi wanne ya fi, sannan ku raɗa sunan da kuke so. Da wannan kaɗai rabin gardamar samarin unguwarku ta mutu, domin mai son "babba da ƙarami" da mai son suna mai kirari kowa ya sami nasa.

Akwai ƙorafin da ba zai shafe ku sosai ba tunda zamanin Rabe kuke yi, amma ya kamata ka san tushensa, domin shi ne ya fi yawa a bakin 'yan gem: me ya sa ba a kiran abu da sunansa na gaskiya? Duk wanda ya zauna a gidan gem a shekarun PlayStation 2 ya san Man Red da Man Blue da London FC da Merseyside Red a gem ɗin ƙwallo na PES. Ba wanda ya taɓa cewa "ba ni Merseyside Red". Liverpool ake cewa, kuma mai gidan gem da ya san aikinsa yakan nemi fayil ɗin gyara ya mayar da sunaye da riguna daidai, don kada yara su koma gidan maƙwabci. Dalilin lasisi ne, wato kuɗin izinin amfani da suna. Da Konami mai PES ta kulle Juventus ita kaɗai, sai abokin hamayyarsa FIFA 20 ya fito a 2019 da ƙungiyar da ake kira Piemonte Calcio, da Ronaldo a cikinta, har zuwa FIFA 23 kafin sunan ya dawo. Bindigogi ma haka. GoldenEye 007 na 1997 ya kira kalashi, wato AK-47, KF7 Soviet. Counter-Strike, da aka fara sayar da shi a shago, ya mayar da AK-47 zuwa CV-47, Desert Eagle zuwa Night Hawk, AWP zuwa Magnum Sniper Rifle. 'Yan wasa ko kallo ba su yi wa sababbin sunayen ba, suka ci gaba da AK da Deagle da AWP, har daga baya kamfanin ya dawo kan abin da bakin mutane yake faɗa. Call of Duty na 2022 ya zo da Kastov 762 da Lachmann Sub, kowa kuma ya san kalashi ce da MP5 aka sauya wa riga.

Mai bugawa yana jin wannan kamar an raina masa hankali: ga abu ina gani, na san shi, ka ce mini wani ne. Yana da gaskiyarsa. Sai dai ni a nan yankin ban cika tausaya wa wannan ƙorafin ba idan ana maganar makami. Wanda ya zauna a jihar Arewa Mai Nisa ta Kamaru tun daga rikicin Boko Haram na 2014 ya san kalashi ba abin wasa ba ce, kuma uban da ya ji ɗansa a zaure yana ihun sunayen bindigogi ɗaya bayan ɗaya ba zai tsaya tambayar wane gem ne ba. Ku da kuka zaɓi takobi da mashi kun huta da wannan.

Darasin da ke cikin labarin Counter-Strike ya wuce batun lasisi. Kamfani yana da maganar farko ne kawai, ta ƙarshe tana hannun masu bugawa. Kamar atamfa ce: masaƙa tana fitar da zane da lambarsa, matan kasuwa su raɗa masa "Mari capable" ko "L'œil de ma rivale", kuma da wannan sunan za a saye shi daga Duwala har Abeshe, lambar ta tsaya a takardar dila. Kamfanin FromSoftware ya saba wa mutane da Estus Flask, gorar maganin rai, tun Dark Souls na 2011. Da Elden Ring ya fito a 2022 sai suka kira irinta Flask of Crimson Tears, kuɗin ciki kuma suka koma "runes" maimakon "souls". Tsofaffin 'yan wasa har yau estus da souls suke cewa. A Diablo II wani zobe mai suna Stone of Jordan ya zama kuɗin ciniki tsakanin 'yan wasa, suka taƙaita shi zuwa SoJ, ana cewa kaya kaza SoJ nawa ne. Ba wanda ya tsara hakan a ofis.

Abin da wannan ke nufi gare ku abu biyu ne. Idan masu gwaji suka raɗa wa wani kaya laƙabi da kansu, kuma ya bazu, ku ɗauka ku saka a gem ɗin, kyauta ce aka ba ku. Idan kuma kun riga kun saki gem, mutane sun saba da suna, kada ku canja shi don kawai kun samo wanda ya fi kyau. Fushin canjin suna ya fi fushin mummunan suna tsanani. Bidiyon da mutane suka ɗora, bayanin da aka yi ta turawa a WhatsApp, duk sun zama tsohon zance a dare ɗaya.

Yanzu bari in taɓa inda sunaye masu ƙyalli suka fi yawa, wato inda ake karɓar kuɗi. Ka lura da kyau, a gem ɗin waya kayan da kake tsinta a ƙasa kyauta sunansu gajere ne: AK, MP40, bandeji. Wanda za ka saya kuwa shi ne Blue Flame Draco, shi ne Predatory Cobra. A Counter-Strike fentin bindiga irin su Dragon Lore ba ya ƙara mata ƙarfi ko kaɗan, ado ne zalla, amma ana sayensa da kuɗin da zai sayi mota. A Free Fire kuwa wasu fentin suna taɓa ƙarfin harbi ko saurinsa, shi ya sa rikici ya fi yawa a can, yaro ba ya iya rabe wanda yake ado da wanda yake aiki, sunan kuma ba zai gaya masa ba, domin dukansu kirari ɗaya ake musu. Kuɗin cikin gem ma an raɗa masa suna don ya nisanta daga aljihu: daimon a Free Fire, UC a PUBG Mobile, V-Bucks a Fortnite. Yaron da zai yi jayayya da ɗan acaba a kan dala goma sai ka ga ya tura jaka biyar ta Orange Money ko Airtel Money ba tare da ya ji zafi ba, don a kansa daimon yake saye, ba sefa yake kashewa ba. Idan ka ji babban ɗan gem yana tsaki a kan "sunayen banza masu tsawo", sau da yawa wannan yake tunawa, an taɓa sayar masa da suna. Ku kiyaye. In za ku sayar da wani abu a gem ɗinku, ku rubuta a fili ko ado ne ko yana ƙara ƙarfi, ku kuma nuna farashin da sefa.

Kada wannan ya sa ka ɗauka ina gaba da suna mai armashi. Masu cewa "babban takobi" ya yi lami sun fi kowa fahimtar abin da ke sa mutum ya ƙaunaci gem. Suna linzami ne. Takobin da ka sha wuya kafin ka samu, ka kashe sarkin yaƙi ka ƙwace, bai kamata a kira shi "takobi na 4" ba. Dark Souls ma kusan duk labarinsa a cikin bayanin kaya yake ɓoye, mutane suna zama su karanta jimla biyu-uku da ke ƙarƙashin kowane zobe su haɗa tarihin duniyar. Abin da nake ƙi shi ne a yi wa kowane cokali kirari. Kayan yau da kullum su ɗauki sunan yau da kullum, kamar yadda Minecraft yake yi da takobin katako, na dutse, na ƙarfe, na daimon, inda abin da aka ƙera shi da shi ne yake faɗin darajarsa. Sai 'yan kaɗan, waɗanda ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, su sami suna na kansu. Ƙarancinsu ne yake ba su kwarjini.

A nan ne kuma nake ganin kun fi masu yi da Turanci sa'a, in dai ba ku je kuna fassara nasu kalma da kalma ba. Kada in ga "ruwan warkarwa" ko "takobin almara". Hausa tana da rumbun kayan yaƙi da ba a taɓa ba: takobi da kansakali, mashi da asigiri, kwari da baka, barandami, gatari, kulki, majajjawa, garkuwa, kwalkwali, sulke, lifidi. Waɗannan ba kalmomin ƙamus ba ne kawai. Duk wanda ya kalli hawan salla a fadar Lamiɗon Garwa ko Ngaundere ko Rai Buba ya ga wasu daga cikinsu da idonsa a jikin mahaya da dawakai. Kuma darajarsu tana cikin sunan tun asali, ba sai an gaya wa Bahaushe sulke ya fi rigar fata ba. Ga bindigar gargajiya da kakanni suka raɗa wa harba-ka-ruga. Ka nemo mini sunan makami a kowane gem na duniya da ya fi wannan aiki: ya faɗi yadda ake amfani da ita, ya faɗi aibinta, harbi ɗaya sai ɗuri, ya kuma ba da dariya. Yaƙin Kuseri da aka kashe Rabe a 1900 an yi shi ne lokacin da bindiga da mashi suke fili ɗaya, saboda haka duk suna da wurin zama a gem ɗinku.

Magungunan gargajiya ma haka aka gina sunayensu, kowanne yana faɗin aikinsa. Kau-da-bara, a harbe ka a kuskure. Sagau, hannun abokin gaba ya sage. Baduhu da layar zana, a neme ka a rasa. Maganin ƙarfe, wuƙa ta ƙi ci. Mai haɗa gem a Turai zai yi mako yana neman sunan abin da ke sa a kauce wa harbi, ku kuwa an gama muku tun kafin a haife ku. Amma a nan sai da taka tsantsan, kuma ina faɗa maka wannan da babbar murya. A cikin masu bugawa da iyayensu akwai waɗanda za su ga laya da baduhu su ce ana koya wa yara tsafi. Ba zato nake ba, ya faru ga manyan kamfanoni. A 2020 PUBG Mobile ya saka wani salo mai suna Mysterious Jungle inda ɗan wasa yake rusuna wa gunki don ya sami ƙarin rai, Musulmi suka yi ca, aka cire, aka ba da haƙuri. A 2008 an jinkirta fitar LittleBigPlanet a duniya baki ɗaya saboda an sami ayoyin Alƙur'ani a cikin wani kiɗa da ke ciki. Ni in ni ne, zan bar irin su kau-da-bara da sagau a hannun abokan gaba ko a matsayin abin tarihin zamanin, maganin rai na ɗan wasa kuma in ɗauko shi daga abinci da sassaƙe: zuma, fura, kilishi, goro. Sunan Allah, na Annabawa, na Sahabbai da takubbansu, da duk wata aya, kada su kusanci kayan da ake yarwa a ƙasa ana takawa ana sayarwa. Wannan ba wurin jin ra'ayin masu gwaji ba ne ma. Ko a ƙasashen da ba ruwansu da addini suna ya taɓa tsayar da gem: hukumar tace wasanni ta Ostireliya ta ƙi amincewa da Fallout 3 a 2008 saboda sunan ƙwayar mofin (morphine) da ke ciki, sai da aka mayar da shi Med-X, kuma aka bar shi haka a ko'ina.

Saura abin da masu gwaji ba za su taɓa faɗa maka ba, amma shi zai ba ka ciwon kai da dare. Hausa tana sa babban suna a gaba, mai bayani a baya: takobin ƙarfe, takobin wuta, takobin sarki. A fuskar ƙaramar Tecno ko itel, inda akwatin suna ba ya ɗaukar harafi da yawa, abin da zai fito shi ne "Takobin…" sau uku, an yanke daidai inda bambancin yake. "Maganin…" ya fi muni, domin rabin jakar da shi za ta fara. Faransanci ma yana da wannan cutar, kuma ita ce ta fi cinye mini lokaci a aikin fassara. Tsohuwar matsala ce: Final Fantasy na shida ya rubuta sunan wani magani Fenix Down maimakon Phoenix Down don wuri ya ƙi isa. Mafita ita ce hoton ya faɗi nau'in kaya, rubutu ya faɗi abin da ya bambanta shi, ko kuma ku zaɓi kalma guda mai cin gashin kanta, irin su kansakali, maimakon suna mai farawa da "takobin".

Idan kuma kuna tunanin kwaikwayon Diablo, inda kwamfuta take haɗa suna da kanta daga guntaye, siffa a gaba, kaya a tsakiya, wani abu a baya, to ku sani Turanci yana ba da wannan a arha ne, don ba ya bambanta namiji da mace. Mu kuwa tsohon takobi ne amma tsohuwar garkuwa, mashin wuta amma kibiyar wuta, tsofaffin kibau in suna da yawa. Dole kowane kaya ya sami alamar jinsinsa a cikin fayil, kowace siffa ta sami siga uku, in ba haka ba gem ɗin zai riƙa fitar da "tsohon garkuwa" da "kibiyan wuta", Bahaushe kuwa ba ya yafe wannan, dariya zai yi ya goge. Ga ƙaramin gem, ku rubuta kowane suna da hannu, ya fi sauƙi. Ku kuma gwada rubutun da kuka zaɓa ko yana ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, manya da ƙanana, don da yawa daga cikin kyawawan haruffan gem ba su da su, sai ka ga ɗan akwati a tsakiyar kalma. Kada ku ce za ku zubar da ƙugiyar don sauƙi, ƙarfe zai koma karfe, ɓarawo ya koma barawo.

Sannan kada ku rubuta sunan kaya a cikin umarnin kwamfutar kansa. Ku ba kowane kaya lambar sirri da ba ta canjawa, sunan da ake gani kuma ya zauna a fayil dabam, kamar yadda Minecraft yake da fayil ɗin harshe ga kowane yare. Ran da kuka so ƙara Faransanci ko Larabci don 'yan Njamena, ko Fulatanci don Garwa da Marwa, fayil ɗaya za ku ba mai fassara. Kiro'o Games na Yawunde da suka fitar da Aurion a 2016 da Faransanci da Turanci suka fito, kuma duk wanda ke son kasuwar Kamaru da Chadi ba zai tsira da harshe ɗaya ba.

Game da wace Hausa, ta Kano ko tamu, ni ina ganin ku rubuta daidaitacciya don mai saukewa a Zariya ko Damagaram ya karanta ba tuntuɓe, amma inda kalmar wurinku ta fi daɗi kuma ana gane ta, ku bar ta. Gwajin da za ku sake yi kuma kada ya zama na tambayar "wane suna ya fi kyau". Ku zaunar da mutum huɗu masu harsuna dabam-dabam, ku ba su gem ɗin, ku koma gefe da takarda ku yi shiru. Ku rubuta sunan da suka kira daidai, da wanda suka taƙaita, da wanda suka sauya, da wanda suka kauce masa suka ce "wancan abin". Jerin ƙarshen nan shi za ku gyara kafin mako ya zagayo, sannan ku kira wasu huɗun da ba su taɓa gani ba.